Kwalta Ta Iso, Maƙwabta Sun Tashi

Mutumin garinmu Taba, a ƙaramar hukumar Kudan, ba ya zuwa Kaduna ya kama ɗakin otal. Tun zamanin iyayenmu haka abin yake, kuma haka yake ga mutanen Hunkuyi da Likoro da Maƙarfi da Ikara. Wanda ya rako marar lafiya asibiti, da ɗalibin da ya zo neman gurbin karatu, da tsohon ma'aikacin da ke bin takardun fansho, da saurayin da ya biyo motar rake zai yi ci-rani, kowa yana da gidan da yake dosa in ya sauka a Kawo. Gidan ɗan gari ne, mai zaure, inda ba a tambayar baƙo ranar komawa. Mu namu masaukin yana Unguwar Dosa, a wani layi da ba shi da nisa da kwalejin tunawa da Sardauna. To, wannan gida an sa shi a kasuwa, kuma ba shi kaɗai ba ne a layin. Labarin da na kawo wa mutanen gida ke nan.

Baffana ne ke riƙe da masaukin, ƙanin mahaifina. Ya bar gida yana saurayi, a shekarun da masaƙun Kakuri ke ɗibar ma'aikata dubbai. Ya zauna a kudancin gari har rikicin watan Fabrairun 2000, wanda ya raba Kaduna gida biyu: Musulmi da yawa suka kwashe kayansu suka haura arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka gangara kudu. Ba a jima ba masaƙun ma suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007. Baffa ya sami ɗaki biyu a gidan wani dattijo mai sayar da hatsi, ya koma sana'ar rake da mazarƙwaila da ake aiko masa daga gida. Gidan irin ginin da ne: zaure a gaba, doguwar tsakar gida, ɗakuna a jere hagu da dama, rijiya a tsakiya, bayi a ƙurya. Mai gidan, Allah ya jiƙansa, da ya ga yawan baƙin Baffa sai ya sakar masa zauren, bai ƙara masa ko kwabo a kuɗin haya ba.

Bana na rako wata innata ganin likita, aka ce sai ta riƙa komawa ana duba ta, don haka zama ya kama ni na 'yan makonni. Wanda ya daɗe bai shiga Kaduna ba, zai fara shan mamaki tun daga Kawo. An rushe tsohuwar gadar sama an gina sabuwa mai faɗi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2022. Tana cikin ayyukan sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019, waɗanda a ƙarƙashinsu aka faɗaɗa tituna, aka yi magudanan ruwa, aka kafa fitilu, aka sake gina kasuwanni. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau. Wanda ya san cunkoson Kawo na da, da yadda damina ke mayar da layukan cikin unguwa taɓo, ba zai ce ba a yi komai ba.

Layin Baffa ma ya samu rabonsa. An zuba kwalta, an gina lambatu hagu da dama. Amma in ka tsaya a bakin layin ka miƙa ido, za ka ga gidaje iri biyu suna kallon juna. Ga tsofaffin, gajeru, da kwanon da ya yi ja saboda tsatsa, da dakali a ƙofa, da labulen buhu ko na atamfa a bakin zaure. Kwaltar ta fi su tudu yanzu, har wasu sai an gina musu 'yar katanga a bakin ƙofa don kada ruwan titi ya shiga ɗaki. Ga kuma sababbin, benaye masu hawa ɗaya ko biyu, da doguwar katanga, da waya mai wuta a samanta, da baƙin get, da ɗakin maigadi, da tankin ruwa a sama, da farantan sola a kan rufi. Babu dakali ko ɗaya a jikinsu. Inda dakali ya kamata ya zauna an shuka furanni, an kewaye su da ƙarfe. Baffa ya bi layin da ni da yamma yana nuna mini da baki: nan gidan mai gyaran rediyo ne a da, nan na wani direban tifa, nan makarantar allo ce, nan gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu. A filin da iyalai goma sha biyu suka rayu, yau iyali huɗu ne a fulat huɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba wanda aka kora da katafila a layin nan. Ba jan fenti, ba 'yan sanda, ba sanarwa a rediyo. Kaduna ta san rusau: an rushe otal ɗin Durbar a Janairun 2020, an rushe Kasuwar Barci a watan Maris na wannan shekarar, duniya ta ji, 'yan jarida suka rubuta, aka je kotu. Na layin Baffa ba irin wannan ba ne. Shi a hankali yake tafiya, gida ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kullum da mutuwa yake farawa.

Ga yadda abin yake. Dattijon da ya gina gida a shekarun 1970 ko 1980 ya cika, ya bar mata da 'ya'ya. Tun ba a share makoki ba dillalai sun san labari, don sun daɗe suna lissafin tsofaffin layin. Mutanenmu sun san 'yan kasuwar da ke zagaya gonakin rake tun bai nuna ba, suna taya shi a tsaye ga manomin da bashi ya kama. Haka dillalan gidaje ke zagaya unguwar nan. Bayan an yi addu'ar arba'in sai maganar gado ta taso. Gida ɗaya ba ya rabuwa ga mutum goma. Wani yana son jari, wata za ta aurar da ɗiya, wani yana Legas ba shi da niyyar dawowa. Kuɗin da aka taya gidan kuwa ba wanda ya taɓa riƙe irinsa a cikinsu. Ba ginin ake saye ba, don washegarin biyan kuɗi ake fara cire kwano; filin ake saye, da kwaltar da ke gabansa.

Na ce wa Baffa, "Baffa, ku da kuka haura shekara ashirin a gidan nan, ba za a duba muku ba?"

Ya ce, "Ɗana, wa zai duba? Yaran nan ba mugaye ba ne. Wasunsu a gabana aka haife su, ni na yanka ragon sunan autansu. Su goma sha ɗaya ne, ga iyayensu mata biyu da za a fitar wa tumunin takaba. Babbansu ya zo har ɗakina ya durƙusa yana ba ni haƙuri. In ce masa me? In ce ya hana 'yan'uwansa haƙƙinsu saboda ni?"

Limamin masallacin layin ya ƙara mini haske. Ya ce a fiƙihunmu na Malikiyya akwai haƙƙin shuf'a: idan mutane sun yi tarayya a gida ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon karɓe rabon a kan kuɗin da aka saya. Wato magajin da yake son ya ci gaba da zama a gidan ubansa shari'a ta ba shi gaba. Sai dai shari'a ba ta ba shi kuɗin. Malamin firamare ko ɗan keke-napep ina zai samo abin da zai biya 'yan'uwa goma a farashin yau? Ɗan haya kuwa ba shi da ko wannan ƙofar. Nasa notis ne, da 'yan watannin da aka ɗiba masa.

Akwai kuma maganar takarda, wadda mutanenmu suka fi sakaci da ita. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma shi ke sa hannu a takardar mallakar fili a cikin birni. Yawancin tsofaffin gidajen layin ba su da wannan takarda. Abin da ke cikin akwatin marigayi bai wuce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ba. Mai saye ya san haka, da shi yake karya farashi. In ciniki ya faɗa sai ya ɗauki lauya, ya nufi hukumar KADGIS mai rajistar filaye a jihar, ya fito da satifiket. Filin bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma darajarsa ta tashi, banki ma zai karɓe shi jingina. Ribar da ke tsakanin takardar mai unguwa da satifiket, magada ba su ga ko ƙwayarta ba.

Su wane ne masu sayen? Kafin in zauna a layin na ɗauka duk 'yan siyasa ne da manyan ma'aikata. Akwai su, amma ba su kaɗai ba. Akwai masu aiki a Abuja da hayar can ta fi ƙarfinsu, suka ajiye iyali a Kaduna tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Idu da Rigasa a Yulin 2016. Akwai 'yan kasuwar da suka ga naira tana zubewa a hannunsu tun 2023, suka ce gara a binne ta a ƙasa. Akwai kuma waɗanda tsoro ya koro, kuma su ne suka fi sauya lissafin unguwa. Masu hali daga Birnin Gwari da Giwa da Zamfara sun baro garuruwansu saboda 'yan bindiga. Haka nan waɗanda suka yi gini a gefen Kaduna don neman sarari da iska. A Maris ɗin 2021 aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, a Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield, a Agusta aka kai hari har cikin makarantar horar da hafsoshin soja. A Maris ɗin 2022 aka tare jirgin ƙasan kansa. Daga nan duk mai kuɗin da ke bakin gari ya fara neman tsakiyar gari, inda akwai jama'a da fitila da jami'an tsaro kusa. Unguwar Dosa da Malali da Badarawa da Unguwar Rimi suka zama abin nema.

A nan ne zuciyata ta kasa natsuwa. Gefen garin da mai kuɗi ya gudo daga gare shi don tsira da ransa, can ake tura talakan da aka saye gidan da yake haya.

Na san ɗaya daga cikin sababbin maƙwabtan, don sahu ɗaya muke tsayawa da asuba. Dattijo ne daga yankin Birnin Gwari, dillalin hatsi. An taɓa ɗauke ƙaninsa, sai da aka sayar da shanu aka karɓo shi. Da na gaya masa abin da ke damuna bai ɓata rai ba. Ya ce, "Malam, ni ma korarre ne. Gidana na can ya ninka wannan uku, da rumbuna da garke. Ka ga na baro shi don marmari? Na zo na tarar ana sayarwa, na saya da halalina. In ban saya ba wani zai saya." Ban sami abin da zan ce masa ba, don gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya fito da famfo ta jikin katangarsa, yana sakin ruwa safe da yamma, mata da yara suna layi da jarkoki. Allah ya saka masa. Sai dai abin da ya sa ake layin shi ne rijiyoyin tsofaffin gidaje sun fara ƙafewa tun kafin bazara ta yi nisa, kuma mutanen layin suna ɗora laifin a kan burtsatsen da kowane sabon gida ya haƙa. Matar da take da rijiya a tsakar gidanta shekara talatin, yau sadakar ruwa take jira.

Zaman yau da gobe ya sauya ta hanyoyin da ba a rubutawa a takarda. Matar Baffa, wadda muke kira Gwaggo, ta ce a da in ta sauke tuwon dare kwano biyar take fitarwa na maƙwabta, biyar kuma su shigo mata. Yara ke kaiwa, ba sallama mai tsawo, ɗaga labule kawai. Da aka tare a benen da ke kallonsu ta zuba dambu a kwano mai kyau ta aika jikarta. Maigadi ya tsayar da yarinyar a get, ya karɓa, ya ce zai miƙa. Kwanon ya dawo washegari da sabulai da turare a ciki, abin arziki, amma har yau Gwaggo ba ta san fuskar matar gidan ba. Ta ce, "Ba rowa gare su ba, ɗan nan. Ƙofa ce ba su da ita."

A da in ana biki ko suna sai a gicciya benci a bakin layi, a shimfiɗa tabarmi a titi, masu mota su zagaya. Yanzu titin kwalta ne, motoci na bi da gudu, kuma sababbin maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa cewa ana tare musu hanya. An kafa ƙungiyar masu gidaje, an sa ƙarfen tare hanya a bakin layi, ana rufewa da dare, an yanka wa kowane gida kuɗin 'yan sintiri na wata. Tsaro ya ƙaru, ba musu. Satar babur da ta addabi layin ta yi sauƙi. Amma taron ƙungiyar a falon wani ake yi, sanarwarsa ta WhatsApp take fita da Turanci, ɗan haya kuma ba a kiransa, sai dai a aiko masa da rasit. Mai shayin da ya shekara da shekaru a kusurwar layi an ce ya matsa, wai teburinsa na tara zauna-gari-banza. Majalisar dattawan da ke zama a dakalin gidan direban tifa ta watse ranar da aka fasa dakalin. Makarantar allo ta tashi tun 2020, lokacin da gwamnati ta mayar da almajirai garuruwansu, filinta kuma yanzu shagon sayar da magani ne da wurin gyaran gashi.

Kantuna ma sun bi sabon ciniki. Mai teburin da ke auna wa mata man gyaɗa na cokali da sukari na ƙulli, yana rubuta bashi a bayan kwali har ƙarshen wata, an ninka masa hayar shago ya tashi. Wanda ya maye gurbinsa yana da firiji da na'urar karɓar kuɗi da kati, kayansa masu kyau, amma ba ya ƙulli kuma ba ya bashi. Raken Baffa kansa ya rasa masu saye a layin. Sababbin maƙwabta ba sa tsayawa a titi su sha rake, kuma an yi masa magana a kan ɓawo. Yanzu sai ya tura baro zuwa bakin tasha.

Masallaci ne kaɗai wurin da layin ke haɗuwa har yanzu. Sababbin sun sa tayil, sun kawo sola da fankoki, sun gyara wurin alwala, kuma kowa ya ji daɗi. A sahu kafaɗar maigadi tana gogar ta maigidansa. Amma da an sallame, wasu su nufi get, wasu su nufi zaure. Liman ya ce mini abin da ya fi ba shi tsoro shi ne jana'iza. A da in aka yi rasuwa kafin a gama wanka matasan layi sun haƙa kabari. Kwanakin baya da wata tsohuwa ta cika sai da aka yi ta kiran waya, don samarin da suka saba wannan aiki duk iyayensu sun tashi.

Na bi sawun waɗanda suka tashi. Wata bazawara da ta zauna ɗaki ɗaya da 'ya'yanta a gidan mai gyaran rediyo, yanzu tana can bayan Rigachikun, ta wajen Maraban Jos. Na je gaishe ta da saƙon Gwaggo. Daga bakin titi sai an hau babur, daga inda babur ya tsaya sai an taka. Ba wuta, ba lambatu, makarantar gwamnati da nisa, gidajen duk rabin gini ne, bulo tsirara. Hayar da sauƙi, shi ya kai ta. Amma sana'arta wankau ce da aikatau, masu ba ta aikin kuma suna cikin gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake lissafawa kafin abinci. Kullum da sassafe takan shigo mota ta sauka a Kawo, ta taka zuwa layin da ta yi aure a cikinsa ta haifi 'ya'yanta, ta ƙwanƙwasa get, ta yi shara da wanke-wanke a benen da aka gina a kan filin ɗakinta. Da bakinta ta gaya mini, ba kuka ba ƙorafi. Ta ce aƙalla ta san hanya.

In aka ce su nemi wani ɗakin a cikin unguwa, to da me? Gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai su ne ake rushewa, kuma ba mai gina irinsu. Wanda ya sayi fili da tsada, ya sayi siminti a lokacin da buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ba zai gina ɗakin talaka ba. Fulat zai yi, ya nemi kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar ejan, ga kuɗin lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kaduna naira 72,000 ne tun ƙarshen 2024, kuma mafi yawan mutanen da nake magana a kansu ba su da albashin ma. 'Yan ɗakunan da suka rage kuwa masu su sun ga abin da maƙwabta ke karɓa, su ma sun ƙara.

Ba Kaduna ce farau ba. A Landan tun 1964 wata mai bincike, Ruth Glass, ta rubuta yadda masu hali ke saye gidajen leburori ɗaya bayan ɗaya har unguwa ta sauya mutanenta gaba ɗaya. A Legas an yi na ƙarfi: a Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni, yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. Alhazanmu kuma sun ga yadda aka share tsofaffin unguwannin Jidda daga 2021, cikinsu har da waɗanda Hausawa suka daɗe a ciki. Hanyoyin sun bambanta, amma inda ake kwana ɗaya ne: gyara ya zo, wanda ya sha wahalar rashinsa ba ya nan.

Ni ba na cikin masu cewa a bar unguwa cikin taɓo don talaka ya samu wurin zama. Wannan raini ne. Mutanen layin nan sun shekara ashirin suna kai kuka a yi musu titi da lambatu, sun yi aikin gayya suna cike ramuka da ɓaraguzai, sun yi layin zaɓe a rana. Sun cancanci kwalta. Abin da nake cewa shi ne, kwaltar da kuɗin jama'a aka yi ta, amma ƙarin darajar da ta jawo wa filaye aljihun mutum ƙalilan ya shiga, ɗan haya kuma notis ya samu. Gwamnatin da ta iya fitar da kuɗin gada da shataletale tana iya ware fili a cikin gari, ba a bayan gari ba, ta gina ɗakunan haya masu sauƙi, ko ta sassauta wa wanda zai gina su kuɗin takarda da haraji. Tana iya sauƙaƙa wa tsofaffin masu gidaje samun satifiket tun suna raye, don ko magada za su sayar su sayar da daraja. Tana iya sa ido a kan ƙarin haya da wa'adin notis. Birnin da direbansa da mai wankinsa da mai haƙa kabarinsa duk sai sun yi tafiyar awa guda kafin su iso, ya jawo wa kansa wahala, ko masu benen ma za su ji a jikinsu.

Amma kukana na gaske na gida ne. Zauren Baffa ba na Baffa ba ne shi kaɗai. A daren da na fara kwana a ciki mu shida ne: ni, da wani tsoho daga Kauran Wali da ya kawo ɗansa ɗori, da samari biyu masu tura rake, da ɗalibi mai jiran jarrabawa, da wani da ya zo karɓar gawar ɗan'uwansa. Ba wanda ya biya ko sisi, kuma Gwaggo ta ciyar da kowa. Babu wata hukuma da ta san da wannan zaure, bai shiga kasafin kuɗin kowa ba, amma ya yi wa ƙaramar hukumar Kudan aikin da ofishi bai yi mata ba. Irinsa suna nan a Kawo da Hayin Banki da Tudun Wada da Unguwar Shanu, na mutanen garuruwa daban-daban, kuma ɗaya bayan ɗaya suke rufewa. Fulat ba shi da zaure. Ko ɗan garinmu ne ya samu arziki ya kama fulat, baƙo ɗaya zai iya ɗauka, shi ma sai ya yi waya tukuna. Ranar da zauren nan ya faɗi, matar da za a rubuta wa zuwa babban asibiti a Kaduna za ta fara lissafin wurin kwana kafin kuɗin magani, kuma na san da yawa za su haƙura su zauna a gida.

Baffa an ba shi wa'adi zuwa bayan girbi. Yana tunanin komowa Taba, ya ce ƙarfinsa ya ƙare, kuma gonar gado tana nan. 'Ya'yansa da aka haifa a Kaduna ba su san kaftu ba, su Rigasa suke nema.

Don haka ina kira ga 'yan Taba da Hunkuyi da Kudan da Maƙarfi da Ikara mazauna Kaduna, musamman ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da masu hannu da shuni a cikinmu. Kuɗin da muke tarawa na taron sallah da kalanda, a karkatar da shi a sayi gida ko da ɗaya ne kusa da Kawo tun ana samu, a yi masa takarda da sunan ƙungiya, a mayar da shi waƙafi don masu jinya da ɗalibai. Bana da tsada, baɗi ya fi. Ku kuma na gida masu gonaki a bakin titin Zariya zuwa Kano, dillalan sun fara iso ku. Kafin ku sa hannu, ku nemi takardar gonarku, ku tambayi farashi a wuri fiye da ɗaya, ku zauna da 'yan'uwanku mata da maza ku yi shawara.